Kada Baba Ya Taka Ƙasa

Ranar da aka cire wa Kafinta filasta, ma'aikaciyar gashin ƙashi ta durƙusa a gabansa, ta kama gwiwarsa da hannu biyu ta lanƙwasa, har sai da ya cije leɓe.

"Baba, ƙashin ya haɗe, ƙarfen da aka sa ya zauna daidai. Abin da ya rage naka ne. Ka fi ni sanin abin da ke samun ƙyauren da aka daina buɗewa."

"Tsatsa," in ji shi.

"To haka gwiwa take. Kullum ka taka, ko daga gado ne zuwa ƙofa. Kuma ka riƙa zuwa muna gasa ta. In ka bari ta sandare, ba mai iya buɗe maka ita."

Ta ba shi sanduna biyu irin waɗanda ake sawa a hammata. Ya juya su, ya duba ƙusoshin da suka riƙe su, ya ce aikin ba laifi. Sannan ya ce mata kada ta damu, shi da ya yi rayuwarsa a tsaye, kwanciyar ce ta ishe shi.

Motar ɗaukar kaya ce ta kwashe shi a bakin shagonsa. Kamfanin inshorar motar ya ƙi biyan diyya, wai shi ne ya shigo titi. Babban ɗansa ya ɗauki lauya ya kai ƙara, ya kuma ɗauko shi zuwa gidansa, tun da uwarsu ta rasu ba mai jinyarsa. Manaja ake ce wa ɗan, don ya taɓa riƙe wani gidan mai. Gidan man ya rufe da daɗewa, amma sunan yana nan.

Kafinta ya riƙe maganar ma'aikaciyar kamar karatu. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa tsakar gida. Kafin a jima ya kai ƙofar gida. Nan ya ga bencin maƙwabci yana rawa da ƙafa ɗaya, hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya sa aka miƙo masa guduma. Yana tsaye, sanda ɗaya a hammata, ƙusa a baki, motar haya ta tsaya, Manaja ya fito tare da lauya.

Manaja bai ko yi sallama ba. Ya fizge gudumar, ya waiga hagu da dama, ya tura uban cikin gida da kafaɗa.

"Baba, kashe mu kake so ka yi?"

"Benci na gyara."

Lauyan ya zauna a falo, ya ɗora jakarsa a cinya. Mutum ne mai taushin murya, ba ya kallon wanda yake wa magana.

"Baba, kamfanonin nan suna da mutanen da ba su da aikin yi sai zama cikin mota da waya a hannu. Hoto ɗaya kana riƙe da guduma, shari'a ta mutu."

"Ƙaryar me na yi? Mota ta buge ni, ƙafa ta karye, ga shi tana warkewa."

"Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Amma a takardar da muka shigar, mun ce ba za ka ƙara iya aiki ba."

"Wa ya gaya muku haka?"

"Haka ake rubutawa, Baba."

Kafinta ya dubi ƙafarsa. Can ya ce, "Yarinyar asibiti ta ce in taka."

"Yarinyar asibiti ba ita za ta tsaya gaban alƙali ba," in ji Manaja.

Lauyan ya ɗaga hannu ya yi bayani a hankali. Kotu ta yanka wa kamfanin wa'adin da zai kawo takardar kariyarsa. Da sun kawo, likitansu zai zo ya duba ƙafar ya rubuta rahoto. Daga ranar, in Baba ya ga dama ya shiga tsere. 'Yan makonni ne kawai, a yi haƙuri.

Da yamma Manaja ya shigo ɗakin ya ɗauki sandunan. Kafinta yana ji ya ja kujera a ɗakinsu ya hau, ya ɗora su a saman kabad. Sannan ya ce wa matarsa, da ƙarfi yadda za a ji, "Kada Baba ya taka ƙasa sai an gama."

Makonnin suka zo suka wuce. Ranar da wa'adin ya cika, Kafinta ya sa aka ba shi ruwa ya yi wanka tun da safe, ya zauna bakin gado yana jiran labari. Manaja ya dawo bayan la'asar, ya ci abinci, ya sha shayi, sannan ya leƙo.

"Sun nemi ƙarin lokaci. Wai fayil ɗin bai iso musu daga babban ofis ba."

"Sai aka hana su."

"An ba su. Mun ce ba mu da suka."

"Mu wa?"

"Ni da Barista. Haka lauyoyi suke yi wa juna, yau kai ka nema, gobe shi. In ka matsa musu sai su ƙi zancen sulhu."

"Ni an tambaye ni?"

"Ai ka sa hannu tun a asibiti cewa ni ke wakiltarka. Ko ka manta?" Manaja ya jingina da ƙofa yana sakace. "Kuma Barista ya ce jinkirin nan riba ce gare mu. Duk watan da ka ƙara a kwance yana shiga cikin diyya. Su suke yi wa kansu."

"Su suke kwance?"

"Baba, don kai nake wannan wahalar. Kana gani ko barcin kirki ba na yi."

Ya ja ƙofar ya tafi.

Mai Fenti ne ya fara gane abin da ake ciki. Tsohon abokin aikinsa ne, shi yake shafa wa kayan da Kafinta ya ƙera fenti tun suna samari. Ya shigo da hularsa mai ɗigon launi kala-kala, ya tsaya yana kallon gadon.

"Kai tsohon banza, ashe haihuwa ka yi ba a sanar da mu ba? Wannan kwanciya ai sai mai jego. Ina jaririn?"

"Ga ka nan ka shigo da ƙafarka."

Suka yi dariya har Kafinta ya yi tari. Da ya ba shi labarin sandunan, dariyar Mai Fenti ta ɗauke. Ya cire hula ya ajiye, ya sunkuya ya sa kafaɗarsa a hammatar abokinsa.

"Tashi. Ni ba a iya ɗora ni a kabad."

Suka zaga ɗakin a hankali. Gwiwar ta yi nauyi, tana ƙara kamar tsohuwar kujera, amma ta ɗauke shi. Suka tsaya a taga, Kafinta ya riƙe ƙarfen tagar, ya ga titi, ya ga mai gyaran babur yana faɗa da wani, ya ji iska a fuskarsa. Bai san matar Manaja tana tsaye a bayansu ba sai da ta yi magana.

"Baba, labule a buɗe kuke wannan? Ku kuna so a ce ni ce ban kula ba."

"'Yar nan, ƙafa nake miƙewa."

"Ni dai umarni aka ba ni."

Ta fita tana danna waya. Tun daga ranar, duk lokacin da Mai Fenti ya zo, Kafinta yakan ji muryarsa a ƙofar gida, ya ji ana ce masa Baba yana barci. Wata rana ya ɗaga murya ya kira shi, sai aka ƙure rediyo.

Aka kuma canza masa ɗaki. Aka kai shi na can ciki, inda da ake ajiye tsofaffin katifu da buhunan da ba a amfani da su. Tagarsa ƙarama ce, a sama, tana kallon katangar maƙwabta. Manaja ya ce nan ya fi sanyi kuma ba hayaniya. Aka sayo keken guragu aka ajiye a lungu, aka tura fo ƙarƙashin gado.

Fo ɗin nan ya fi komai ci masa rai. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, yau matar ɗansa ce take shigowa da gyale a hanci ta ɗauka ta fita tana tsaki. Sai ya rage cin abinci, ya rage shan ruwa, don ya rage mata shigowa. Ta kai ƙara wai Baba yana raina girkinta.

Bai daina gwadawa ba. Ya lura katakon da ke ƙarƙashin katifarsa na tsakiya ya saki. Ya yi ta jijjiga shi da hannu har ƙusar ta fita, ya zare shi, ya naɗe kansa da tsohuwar riga don kada ya ci masa hammata. In ya ji matar ɗansa ta tafi kasuwa sai ya dogara shi ya miƙe, ya tsaya har ƙafar ta fara rawa, ya koma. Katakon ya bar tabo a siminti, ita kuwa mai shara ce. Manaja ya shigo ya ɗaga katifar ba tare da ya ce wa uban ya matsa ba, ya zaro katakon, ya fita da shi tsakar gida ya taka ya karya.

"Kai ka koya mini riƙe zarto," in ji Kafinta da ya dawo. "A'a, ni na koya maka. Kaina ya fara ruɗewa."

"Ka gani ko? Hutu kake buƙata."

Daga nan aka fara ba shi wata ƙwaya safe da yamma, wai ta rage ciwo ce. Ba ciwon da yake ji, amma in bai haɗiye ba matar ba ta fita. In ya sha sai jikinsa ya mutu, ya wuni yana gyangyaɗi. Sallah ta koma a zaune, daga baya a kishingiɗe. Damina ta shigo, ruwa ya riƙa bin katangar maƙwabta yana kallo, har ta fita.

Wa'adi na biyu ya cika, kamfanin ya ce ya canza lauya, sabon yana buƙatar ya karanta fayil. Aka ce ba suka. Na gaba aka ce likitansu ya yi tafiya. Aka ce ba suka. Sai kotu ta tafi hutu. Kafinta ya daina yin wanka da sassafe a ranakun zaman kotu. Daga yadda Manaja yake buɗe ƙofar gida yana fito da baki yakan san an ƙara.

Autarsa tana aure a wani gari mai nisa. Duk kiran da ta yi, wanta ne yake ɗauka ya ce Baba yana samun sauƙi. Ranar da ta zo ba sanarwa, ta shiga ɗakin ta tsaya sai da idonta ya saba da duhun. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗaga bargon don ta gyara masa, sai ta ga ƙafafun. Sun zama kamar muciya, fata ta saki, gwiwar da aka yi wa aiki ta kumbura ta ƙage a lanƙwashe. Ta mayar da bargon a hankali ta fita falo.

"Yaya, me kuka yi wa Baba?"

"Jinya muke yi. Ke me kika yi masa?"

"Mutumin da na bari yana takawa da sanda? Ina sandunan?"

"An adana."

"An adana wa wa? Kira lauyan nan ina so in ji daga bakinsa."

Manaja ya kira ya sa a lasifika, yana murmushin wanda ya san amsa. Auta ta tambaya me ya sa duk lokacin da kamfanin ya nemi ƙari ba a cewa a'a.

"Hajiya, ana iya cewa a'a," in ji lauyan. "Doka ta ba mu dama mu nemi a yanke hukunci tun da sun saɓa wa'adi. Amma ni da umarnin wanda ya ɗauke ni nake aiki. Kuma gaskiya, shari'ar da aka bari ta nuna ta fi kawo abin kirki."

"Ƙafar ubana fa?"

"Wannan kuma ɓangaren likitoci ne."

Matar Manaja ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Ni nake kwashe fo safe da yamma, ni nake wanke zanin gado. Ke kin zo da ledar lemo kina yi mana wa'azi. In kin fi mu tausayi, ga shi can, ɗauke shi."

"Ɗauke shi mana," in ji Manaja. "Ɗakinku ɗaya ke da mijinki da yara, sai ki shimfiɗa masa a ƙarƙashin gado. Ranar da aka kwaso shi daga titi wa aka kira? Wa ya kwana a barandar asibiti? Yanzu da abu ya kusa fitowa kowa ya tuna yana da uba. Motar haya zan saya da diyyar nan, ita za ta riƙe shi har ƙarshen ransa. Guduma za ta riƙe shi? Shekarunsa nawa?"

"Shagonsa zai riƙe shi, kamar yadda ya riƙe mu."

"Wane shago? Na ba mai sayar da taya haya. In suka ga shago a buɗe da sunansa sai su ce yana samu."

Kafinta yana jin komai, don ba a rufe ƙofar ba. Nan ya fara sanin zancen shagon. Ya tuna teburin aikinsa da ya yi wa ƙafafu da hannunsa, da inda yake rataye kowane zarto. Bai tambayi inda aka kai su ba.

Auta ta dawo ɗakin idonta jajur. Ta ce za ta je ta yi magana da mijinta, za ta nemi wani lauyan, za ta dawo.

"Tafi gidanki," in ji shi. "Kada ki yi faɗa da wanki a kaina. In kin fita ki bi ta wajen Mai Fenti ki ce ba barci nake ba."

Ta tafi. Ta riƙa kira, wanta ya daina ɗauka.

Bayan hutun kotu Manaja ya shigo da fara'a, har da zama a bakin gado, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce mai shari'a ta gaji da ganin fayil ba mutum, ta ce a zama na gaba a kawo mai ƙara ta gan shi. Barista ya ce wannan dama ce.

"Kada ka yi aski. Tsohuwar rigar nan za ka sa. Kuma don Allah, Baba, kada ka ce komai. In an tambaye ka, Barista zai amsa."

"To," in ji Kafinta.

Tun daga ranar ya riƙa ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, in matar ta fita ya tofar a bayan gado. Kansa ya washe. Ya shirya abin da zai yi, ya shirya abin da zai faɗa. Zai bari sai lauyan kamfani ya nemi ƙari, nasu ya ce ba suka, sannan ya dafa keken ya miƙe tsaye gaban kowa. Zai ce, ya mai shari'a, ga ni a tsaye, ƙafata ta karye ne ba ta mutu ba, a ba ni abin da ya dace da karaya a sallame ni in koma aikina. In shari'ar ta lalace ta lalace. Bai gwada tashi a ɗakin ba, don kada a ji motsi a fasa kai shi. Yakan dai tokare tafin ƙafarsa da katakon gado ya danna, ya ji kamar da sauran ƙarfi. Ƙafar da ta ɗauke shi tun yana yaro, ai ta san aikinta.

Ranar zaman aka cicciɓe shi aka sa a mota, aka naɗe keken a baya. Hasken rana ya sa idonsa hawaye. A kotu Manaja ya tura shi har gaba, ya gyara masa bargo yadda ƙafafun za su ɗan fito. Ɗakin cike yake da masu jiran tasu shari'ar, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska. Mai shari'a mace ce mai tabarau, tana rubutu ba ta ɗaga kai. Aka kira ƙararsu.

Lauyan kamfani ya miƙe ya gyara riga.

"Ya mai shari'a, muna roƙon kotu ta ƙara mana lokaci mu shigar da takardar kariyarmu. Akwai bayanan da muke jira daga direban, kuma ya bar aiki."

"Shekara ta zagayo ba ku kawo mini ko layi ɗaya ba," in ji ta. "Ɓangaren mai ƙara?"

Lauyansu ya ɗan ɗaga daga kujera. "Ba mu da suka, ya mai shari'a."

Ta cire tabarau ta dubi keken.

"Malam, kai ne mai ƙara? Ka ji abin da ake nema. Kana da abin cewa?"

Kafinta ya ture bargon. Ya sauke ƙafafunsa ƙasa, ya ji sanyin siminti ta cikin silifas. Ya kama hannuwan keken ya danna da dukan ƙarfinsa. Jikinsa ya ɗaga. Ya ce wa gwiwar ta miƙe. Ba ta ko motsa ba. Ya mayar da nauyinsa kan ɗaya ƙafar, mai lafiyar, wadda mota ba ta taɓa ba, sai ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Keken ya zame baya. Ya faɗi da haƙarƙari a kan benci, numfashinsa ya ɗauke.

Kotu ta ɗauki salati. Manaja ya riga kowa isa, ya rungume kan uban ya danna a ƙirjinsa. Kafinta ya buɗe baki, maganar da ya shirya ta ƙi fita, sai iska.

"Yi shiru, Baba, kada ka wahalar da kanka," in ji Manaja da ƙarfi. Sannan ya sunkuyo daidai kunnensa ya rage murya. "Madalla. Wallahi ko ni na ɗauka gaske ne."

Lauyansu ya riga ya miƙe. "Kotu ta gani da idonta, ya mai shari'a. Muna roƙon a rubuta halin da mai ƙara yake ciki."

Ta rubuta. Ta yi wa lauyan kamfani faɗa sosai, ta ce su ji tsoron Allah su dubi dattijon nan. Sannan ta ce tun da ɓangaren mai ƙara ba su da suka, ta ba da ƙarin, amma wannan ne na ƙarshe. Magatakarda ya kira ƙara ta gaba tun ba a gama mayar da shi cikin keken ba.

A mota lauyan yana gaba, Manaja yana baya kusa da uban, suna ta maimaita abin da ya faru. Lauyan ya ce ya ga fuskar lauyan kamfani ta canza, yanzu dole su zo teburin sulhu. Manaja ya ce bai san Baba ya iya haka ba, da ya sani da tuni an kawo shi.

"Ba wasa na yi ba," in ji Kafinta.

"Na'am?"

"Tashi na so in yi. In gaya mata ina iya tsayuwa."

Direban ya dube su ta madubi ya kawar da kai. Lauyan ya ciro waya ya fara duba saƙonni. Manaja ya kalli ƙafafun uban, ya daɗe yana kallo. Kafinta ya jira. Duk abin da yaron nan zai faɗa yanzu, ya yi niyyar karɓa.

"To," in ji Manaja. Ya ja bargon ya rufe su. "Ai yanzu ko likitansu ya zo gobe ba mu da fargaba."

Bayan kwana kaɗan matar Manaja tana neman wurin ɗora akwati, ta sauko da sandunan daga saman kabad. Ta kaɗe ƙurar, ta shigo da su ɗakin ta jingina a bango daidai kan gadonsa, inda hannunsa zai kai. Ba wanda ya ce mata don me. Aka daina ba shi ƙwayar. Aka daina rufe ƙofar ɗakin. Da Mai Fenti ya zo, ita da kanta ta ce ya shiga, Baba idonsa biyu.

Mai Fenti ya tsaya a bakin gadon da hula a hannu. Ya zo da tsokanar da ya tanada tun daga gida, ya duba abokinsa, ya haɗiye ta. Ya zauna a ƙasa. Daga falo suna jin Manaja yana waya.

"Eh, Barista. Na baya ma ai cewa aka yi na ƙarshe ne. In sun sake nema a ba su, mu ba gaggawa muke ba."

Mai Fenti ya miƙa hannu ya ɗauko sanda ɗaya.

"Mu gwada? Ga kafaɗata."

Kafinta ya karɓi sandar. Bai sa ta a hammata ba. Ya juya ta kamar yadda yake juya katako kafin ya saya, ya shafa robar da ke gindinta da babban yatsa. Zanenta yana nan raɗau, ƙasa ba ta ci ko gefe ba.

"Sababbi ne," ya ce. Ya miƙa masa, ya nuna ɗayar. "Haɗa duka ka kai wa yarinyar nan ta asibiti. Ka ce ta ba wanda ba shi da shari'a."